Mautic a shagon atamfa: haɗa ta da rumbun bayanai da abin da ya biyo baya

Duk wanda ya tambaye ni ko Mautic ta cancanci a ɗora wa ɗan kasuwa, amsata e ce, amma da sharaɗi: sai in akwai wanda zai riƙa leƙa rumbun bayanan da ke ƙarƙashinta. Manhajar kyauta ce, ko kobo ba a biya kafin a sauke ta, kuma tana yin aikin da wasu ke karɓar daloli a kansa duk wata. Tana tara sunayen kwastomomi, ta raba su rukuni-rukuni, ta aika musu imel ko tes a lokacin da aka tsara, ta kuma nuna wanda ya buɗe saƙo da wanda ya share. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin da ba ka biya a kan manhaja ba za ka biya shi a hayar sabar, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai a intanet, da kuma lokacin wanda ya san MySQL, manhajar da ke riƙe da rumbun bayanan.

DB Hurley ne ya fara ta a 2014. A 2019 kamfanin Acquia ya sayi kamfanin da ke bayanta, sannan a 2023 aikin ya koma cin gashin kansa a hannun masu ba da gudummawa, Ruth Cheesley tana jagoranta. Da yaren kwamfuta na PHP aka rubuta ta, a kan tsarin gina manhaja na Symfony. Abin da ya shafe mu a cikin wannan tarihi shi ne, manhajar a sabar ɗinka take zaune, sunayen mutanenka kuma a rumbunka suke, babu wanda zai rufe maka asusu don katin banki ya ƙi biya.

Aikina kula da kwamfutocin 'yan kasuwa ne a Kano. Wadda na ɗora wa Mautic 5 a 2024 wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi da shadda, tana da shago a Kantin Kwari da kuma shafin sayar da kaya a intanet da aka gina da WooCommerce. Kwastomominta sun warwatsu daga Kano zuwa Kaduna da Abuja, har Maraɗi da Damagaram. A da tana biyan wani kamfanin waje da ke caji da dala gwargwadon yawan sunayen da ka tara. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, lissafin ya daina yi mata daɗi, ga shi duk sabon sunan da aka ƙara kuɗi yake jawowa.

A wajen girka Mautic, shafin haɗa ta da rumbun bayanai ba shi da abin tsoro. Shi ne mataki na gaba bayan manhajar ta gama binciken sabar. Gurabe ne 'yan kaɗan: adireshin inda rumbun yake, lambar ƙofa wadda za ka tarar an riga an cike da 3306, sunan rumbun, sunan mai shiga, kalmar sirri, sai gurbin haruffan da kake so a liƙa a gaban sunan kowane tebur idan manhajoji biyu za su zauna a rumbu ɗaya. MySQL ko MariaDB take so. A ƙasa akwai tambaya ko a adana teburan da aka tarar masu suna irin nata. Ka ce e, sai ta canza musu suna ta sa bak_ a gaba maimakon ta goge su. Wannan na yaba da shi ƙwarai, domin mai sake girkawa cikin gaggawa ba ya tsayawa ya yi tunanin abin da ke cikin rumbun.

Duk abin da ka cike a nan, fayil ɗaya yake komawa, local.php. A Mautic 5 yana cikin config, a Mautic 4 kuwa yana cikin app/config, kuma yawancin bayanan da za ka ci karo da su a intanet tsohon wurin suke nunawa. Kalmar sirrin rumbun a fili take a cikin fayil ɗin, ba a ɓoye ta ba, don haka duk wanda ka bai wa damar shiga fayilolin sabar ka ba shi rumbun ne gaba ɗaya. Idan ka gyara wani abu a ciki da hannu, sai ka bi da php bin/console cache:clear, umarnin share ma'ajiyar wucin gadi, in ba haka ba manhajar na iya ci gaba da amfani da tsohon bayani. Kuma a yi wannan da sunan mai gudanar da shafin, wato www-data a Ubuntu, ba da sunan root, babban mai iko da sabar, ba. Aka yi da root, fayilolin da suka fito sun zama nasa, shafin ya kasa taɓa su, ka buɗe ka ga fari fat.

Kafin ka zo wannan shafi, ka tanadi rumbu da mai shiga na musamman. Umarni uku ne: a ƙirƙiri rumbun da tsarin haruffa na utf8mb4, a ƙirƙiri mai shiga, a ba shi cikakken iko a kan wannan rumbu kaɗai. Wasu kan so su rage masa iko zuwa karatu da rubutu kawai don tsaro, niyyar kuma mai kyau ce, amma Mautic ba za ta yi aiki haka ba. Duk lokacin da aka ƙara sabon gurbi a bayanan kwastoma, tsarin teburin leads, inda kwastomomi suke, ita da kanta take canzawa, don haka tana bukatar ikon ƙirƙira da na sauyawa. Iyakar da za ka sa mata ita ce kada ta tsallaka zuwa rumbun WooCommerce da ke maƙwabtaka da nata.

Idan haɗin ya ƙi, saƙon da za ka gani ɗanye ne, yadda MySQL ta faɗa haka za a miƙo maka. Wanda bai saba ba zai firgita, amma lambar da ke ciki ta gama bayani. 1045 na nufin an je bakin ƙofa an ƙi buɗewa: ko suna, ko kalmar sirri, ko kuma an ba mai shigar izini daga wani adireshi daban da wanda ya fito. A cPanel, shafin da kamfanonin hayar sabar ke ba ka don sarrafa asusunka, sau da yawa dalilin ƙarami ne. Ka rubuta sunan rumbu mautic, shi kuma ya liƙa sunan asusunka a gaba da ɗan layi a tsakani, kai kuma ka je ka cike gajeren. Ko kuma ka ƙirƙiri rumbu, ka ƙirƙiri mai shiga, ka tsallake matakin haɗa su. 1049 kuwa an shiga amma ba a ga rumbu mai wannan suna ba. 2002 ta fi rikita mutane, domin ba a ma kai ga ƙofar ba. A wurin PHP, localhost da 127.0.0.1 ba abu ɗaya ba ne: na farko ta fayil ɗin soket yake bi, na biyu ta hanyar sadarwa. Idan PHP na neman soket a inda ba ya nan, sauya adireshin zuwa 127.0.0.1 kan warware matsalar nan take. Masu Docker, mai sa kowace manhaja a akwatinta, su kuma su tuna localhost a cikin akwatin Mautic akwatin kansa ne, sunan akwatin rumbun za a rubuta. Abin da shafi bai nuna ba yana cikin var/logs, fayil guda ga kowace rana.

Duk wannan aikin zama ɗaya ne. Rigimar daga baya take zuwa.

Hajiya tana da hayar sabar ta haɗaka, irin wadda ake cusa ɗaruruwan shafuka a kan na'ura ɗaya, ta kuma riga ta biya kuɗin shekara, don haka ta ce a fara a nan. Girkawa ta tafi lafiya, ban da gargaɗin da manhajar ta yi cewa ta fi son a ware wa PHP megabait 512, alhali abin da aka ba mu bai kai ba. Abin da mutane ba su sani ba game da Mautic shi ne, ba ta motsi da kanta. Sai an kafa mata ayyukan agogo, wato cron, guda uku aƙalla: mautic:segments:update mai sabunta rukunoni, mautic:campaigns:update mai zuba mutane cikin kamfen, da mautic:campaigns:trigger mai aiwatar da abin da aka tsara. Takardun manhajar sun ce a raba su, kowanne duk bayan minti 15, da tazarar minti 5 tsakaninsu. Kowanne kuma haɗinsa yake buɗewa da rumbu. Ana cikin haka ga masu ziyartar shafin sayar da kaya, kowane shafi suka buɗe sai an rubuta a rumbu, ga masu buɗe imel su ma ana rubutawa.

Ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar Sallah ta kira ni da daddare.

"Malam, yaran nan sun ce saƙon rangwame bai fita ba. Wasu sun samu, yawanci shiru."

"Hajiya, a yi haƙuri, bari in duba yanzu."

Fayil ɗin ranar cike yake da lambobi biyu. 1203, wato mai shigar ya wuce adadin haɗin da aka yarje masa a lokaci guda. Da 2006, wadda ke cewa rumbun ya tafi ya bar ka. Aikin rukunoni bai gama ba na kamfen ya taso, shi ma bai gama ba na farkon ya sake zagayowa, abin ya zama kamar A Daidaita Sahu a bakin Kwari ranar jajibere, kowa ya sa kai, babu mai gaba babu mai baya. Ita 2006 tana fitowa ne idan haɗi ya zauna shiru ya wuce lokacin da aka ɗiba masa, ko kuma aka tura bayanin da ya fi girman da aka yarda da shi. A asali MySQL tana jira daƙiƙa 28,800, awa takwas ke nan, kuma tana karɓar haɗi 151. Masu hayar haɗaka kan datse duka biyun sosai, kuma ba su da laifi a lissafinsu, ba kai kaɗai ba ne a gidan. Na rubuta wa kamfanin ina roƙon a ɗan ɗaga mana, suka amsa da ladabi cewa ba a taɓa wannan wa mutum ɗaya, in muna so mu koma babban tsari. Daren nan da hannu na riƙa sakin ayyukan ɗaya bayan ɗaya har saƙon ya gama fita.

Bayan Sallah muka tashi zuwa sabar ta kanmu, ƙarama mai gigabait 4 na ram, da Ubuntu da MariaDB. Ƙaurar ba ta da wuya: a kwashe rumbun da mysqldump tare da --single-transaction don kada a kulle tebura ana cikin kwasa, a zuba a sabon wuri, a gyara local.php, a share ma'ajiyar wucin gadi. Gyara ɗaya da ya fi kowanne tasiri shi ne innodb_buffer_pool_size, wato ram ɗin da aka ware wa rumbun, wanda ke zuwa da megabait 128 kacal. Na ɗaga shi zuwa gigabait guda, sabunta rukunin da a da ake jira har a ƙosa ya koma ƙiftawa da bismilla. Shawarata ga kowa ita ce kada ma a fara da hayar haɗaka, ko da an riga an biya.

Yanzu ga inda na fi so masu karatu su tsaya, domin babu takardar Mautic da za ta gaya maka shi, namu ne mu kaɗai.

Sunayen kwastomomin Hajiya a Excel suke, ɗiyar ƙanwarta ce ke shigar da su daga littafin shago, kuma yarinyar tana da tsabtar rubutu, tana sa ƙugiya a inda ya dace. Aka mayar da fayil ɗin CSV, aka loda, Mautic ta ce komai ya shiga. Muna zaune a bayan kanta tsakanin dilolin atamfa, ta buɗe samfurin saƙo a wayarta, sai ta miƙo mini tana dariya. "Kawu, duba abin da ta kira Alhaji." A rubuce: Barka da Sallah, ?ahiru. Gurbin da ta rubuta cinikin kowa ma haka, alamar naira ta zama alamar tambaya. Rumbun ba shi da laifi, utf8mb4 yana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ da ₦ har da 'yan fuskokin dariya na waya. Tun a wajen adanawa haruffan suka mutu. Tsohon tsarin CSV na Excel jerin haruffan Turawan Yamma yake amfani da shi, babu haruffanmu a ciki, sai ya maye gurbinsu da alamar tambaya. Maganin shi ne a zaɓi CSV UTF-8 a wajen adanawa. Kuma harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa, sai an koma asalin fayil ɗin Excel an sake fitarwa. Akwai wata cutar mai kama da wannan, inda ƙ ke fitowa Æ™. Ita da sauƙi, harafin yana nan da ransa, an karanta shi ne da tsarin da ba nasa ba, ana iya gyarawa.

Ko bayan haruffan sun shiga lafiya, akwai saura. Tsarin kwatanta haruffa da Mautic ke amfani da shi, utf8mb4_unicode_ci, ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma yana ɗaukar é da e abu ɗaya, wanda ya yi wa sunayen mutanen Nijar masu rubutun Faransanci daidai. Amma ɗ da d a wurinsa haruffa biyu ne daban, haka ƙ da k. A ilmance gaskiya ya faɗa. A kasuwance kuwa, ka haɗa rukunin mutanen Maradi, duk wanda aka rubuta masa Maraɗi ya zube. Haka Ƙanƙara da Kankara. Sannan ga Zariya da Zaria, ga Damagaram da Zinder, waɗanda babu tsarin haruffan da zai haɗa su. Abin da muka yi shi ne ƙirƙirar sabon gurbin gari mai jerin zaɓi, a daina barin kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Gyaran tsofaffin kuma yarinyar ce ta zauna ta bi su, ni kuwa na taimaka da umarnin da ke fito da duk rubutun garuruwa da yawan kowanne.

Lambar waya ta fi wannan muhimmanci. Mautic a imel take gane mutum: sunaye biyu masu imel ɗaya, mutum ɗaya ne a wurinta. To mafi yawan masu sayen atamfa ba su da imel ɗin da suke buɗewa, lambar waya ce shaidarsu. An yi sa'a manhajar ta yarda a mayar da gurbin waya ya zama abin ganewa, maɓalli ɗaya ne a shafin gurabe. Sai dai dole lambobin su zama salo ɗaya. Excel yana ganin lamba mai farawa da 0803 sai ya cinye sifilin, mai farawa da 234 kuma ya dunƙule ta ta koma wani abu mai E+12 a ƙarshe, a haka kuma zai adana ta. A mayar da layin lambobin rubutu kafin a taɓa komai, a sa +234 ga na Nijeriya bayan an cire sifilin farko, +227 ga na Nijar masu lamba takwas. Akwai kuma abin da kwamfuta ba za ta sani ba: mata da yawa lambar maigida suke bayarwa, ko ta ɗan aike, wani dillalin ma lambarsa ɗaya ce a kan sunayen mata biyar. Da zarar waya ta zama abin ganewa, duk za su narke su zama mutum ɗaya, sunan da aka shigar a ƙarshe ya danne waɗanda suka riga shi. Waɗannan mun ware su, muka bar su da sunan mai lambar.

Babban ɗan Hajiya yana karatun kwamfuta a jami'a, yaro mai kaifi. Da ya ga rumbun WooCommerce da na Mautic a sabar ɗaya suke, ya kawo shawara. "Malam, me zai hana duk wanda ya yi oda a rubuta shi kai tsaye cikin teburin leads? Layi biyar ne." Gaskiyarsa, layi biyar ne, kuma zai yi kamar ya yi aiki. Na bar shi ya gwada a kwafin gwaji. Ya zuba suna, ya duba rumbu ya gan shi, ya buɗe jerin kwastomomi a Mautic bai gan shi ba. Akwai gurbi a teburin mai suna date_identified, idan babu komai a cikinsa manhajar tana lissafa mutum cikin baƙin da ba a san ko su wane ne ba. Wannan kaɗan ne daga abin da ake tsallakewa. Binciken ko mutumin yana nan tun da, tarihin canje-canje, duk a cikin manhajar ake yin su, rumbu bai san da su ba. Ranar da aka sabunta manhajar tsarin tebur ya sauya kuma, layin nan biyar su karye ba tare da sun yi ƙara ba. Hanyar da aka tanada ita ce API, ƙofar da wata manhaja ke bi ta miƙa wa Mautic bayani. Ana kunna ta a shafin saiti, WooCommerce ta aiko sanarwa idan an yi oda, ɗan ƙaramin rubutu ya karɓa ya miƙa wa Mautic. Shi ya rubuta shi da kansa, ya kuma yi kyau.

Karatu daga rumbun kai tsaye kuwa ba laifi. Rahotannin da ke cikin Mautic sun isa ga tambayoyin yau da kullum, amma Hajiya tana da irin nata: su wa suka sayi leshi bara ba su dawo bana ba? Na haɗa mata Metabase, manhajar fitar da rahoto daga rumbu, da mai shiga na daban wanda karatu kaɗai aka ba shi. A lura, rumbun da agogon UTC yake ajiye lokaci, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka saƙon ƙarfe takwas zai bayyana ƙarfe bakwai sai an gyara. Ƙofar 3306 kuma a rufe take ga duniya, rumbun a 127.0.0.1 kawai yake saurare. Idan ina son shiga daga kwamfutata, ta ramin SSH nake bi, wato rufaffiyar hanyar shiga sabar daga nesa. Na sha ganin inda aka buɗe ƙofar ga kowa, aka ba mai shiga izini daga ko'ina, don kawai wani ya ji daɗin aiki daga gida. Abin da ke ciki sunaye ne da lambobin matan aure da unguwanninsu. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya da hukumar NDPC mai kula da ita, amma ko babu doka, wannan amana ce. Akwai wani tebur, lead_donotcontact, inda ake rubuta waɗanda suka ce a daina aiko musu. Duk ƙaurar da za a yi a tabbata ya bi sahu.

Rumbun yana kumbura da sauri fiye da yadda ake zato, kuma ba sunayen kwastomomi ke kumbura shi ba. Teburan page_hits da email_stats da audit_log da campaign_lead_event_log ne. Duk wanda ya leƙa shafin sayar da kaya, ko da bai sayi komai ba, ana buɗe masa layi a matsayin baƙo. Akwai umarnin shara, mautic:maintenance:cleanup, ka gaya masa kwana nawa za a bari, misali 365. A fara da --dry-run a ga abin da zai tafi, domin abin da ya share ya tafi ke nan. Ba a kunna shi da kansa, kuma a ganina ya kamata shafin girkawa ya ambace shi tun ranar farko.

Wani abin da ban so ba a ginin manhajar shi ne yadda kowane sabon gurbi ke zama ƙarin ginshiƙi a teburin leads. Hajiya ta so a yi gurbi ga kowane irin yadi: mai son Holan, mai son Shiganvi, mai son gezna, mai son leshin Siwis. MySQL tana da iyakar bait 65,535 ga layi guda, gurbin rubutu mai haruffa 191 kuma a utf8mb4 yana iya cin bait 764. Lissafa ka gani, ba a zuwa ɗari ake cin karo da bango. Irin wannan bayani da alamomin da ake liƙa wa kwastoma ake yin sa, su a wani tebur daban suke zaune, ko dubu ne ba su dami kowa ba.

Abin da ba ta zo da shi ba, in faɗa a gurguje. Babu WhatsApp a cikinta daga fitowa, alhali nan ne kasuwarmu take. Tes kuwa da Twilio, kamfanin aika tes na waje, aka haɗa ta, kuɗin dala ke nan kuma, don haka mai son kamfanin tes na gida sai an yi masa ɗan haɗi. Wanda ya kunna 2442 na hukumar NCC a layinsa, tes ɗin talla ba zai same shi ba, ba laifin rumbu ba ne. Imel ma sai an nemi mai aikawa na daban, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa, sai da SPF da DKIM da DMARC, shaidun da ke tabbatar da cewa imel daga wurinka ya fito. Da Turanci muke amfani da fuskar manhajar, amma saƙonnin duk da Hausa suke fita, da ƙugiyoyinsu.

Kwafin ko-ta-kwana kullum da daddare ake ɗaukar sa, a tura shi wani wuri da ba sabar ɗin ba, ni kuma lokaci-lokaci ina zuba shi a rumbun gwaji in ga ko zai tashi. Hayar sabar da sunan Hajiya take, kalmomin sirri kuma suna rubuce a takarda a cikin ambulan a wurinta, ko da wata rana ba ni ne a kan aikin ba. Sabuntawa ita ce ranar da kwafin ke da rana, domin tana sauya tsarin tebura, kuma a kan tebur mai nauyi abin yana ɗaukar lokaci. Ta layin umarni ake yin ta, a cikin tmux ko screen, saboda idan sabis ya yanke ko aka ɗauke wuta a gefenka ana tsakiyar sauyi, aikin ya ci gaba a sabar maimakon ya tsaya rabi da rabi. Mautic 6 ta fito a 2025, na gwada ta a kwafi, haɗin WooCommerce da yaron ya rubuta ya yi aiki ba tare da an taɓa shi ba. Ta gasken mun bar ta sai kasuwa ta lafa bayan babbar Sallah.